Kwaɓin Wasa na Yara: Yadda Ake Yin Sa a Gida da Abin da Za a Kiyaye

    

Tunda an gama zubi, an rufe akwati, ku ba ni aron hankalinku na ɗan lokaci. Maganar yau a kan ƙananan yaranmu take, 'yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda suka sauka daga goyo amma ba su kai shiga aji ɗaya ba. Su ne masu kama mana zane muna tuƙin tuwo, su ne masu kuka idan mun zauna lissafi. Da yawanmu yanzu idan yaro ya dame mu, sai mu miƙa masa waya ya yi ta kallo, mu samu sa'ida. Ai kuwa yana yin shiru. To amma ku lura da hannunsa a wannan lokacin: yatsa ɗaya ne kawai ke motsi, sauran tara suna hutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a shekarar 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba a raba shi da zaman kallon waya da talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ma ya gaza haka ya fi.

To in an karɓe waya, me za a ba shi? Shi ne abin da na zo mana da shi yau. Sunansa kwaɓin wasa. Fulawa ce da gishiri da ruwa da ɗan mai, a tuƙa su su zama kamar laka mai laushi, wadda ba ta manne wa hannu, yaro ya yi ta gini da ita yana rushewa.

Me yaro zai ƙaru da shi?

Wannan wasa ba baƙo ba ne a wurinmu. Wace ce a nan ba ta yi tuwon ƙasa ba? Wace ce ba ta ga yayyenta maza sun dawo daga bakin kududdufi da shanun laka da raƙuma ba? Mun ɗauke shi shirme, alhali makaranta ce ta farko ga hannu. Yaron da ke matsa laka, yana murza ta, yana tsinka ta da yatsu biyu, yana ƙarfafa 'yan jijiyoyin nan ne da zai riƙe fensir da alƙalami da su, ya ɓalla maɓalli, ya ɗaura igiyar takalmi. Idan kun ga yaro ya shiga aji ɗaya yana damƙe fensir kamar muciya, ya yi layi biyu ya ce hannu ya gaji, sau da yawa hannun ne bai samu aiki ba tun farko. A asibiti ma masu gashin ƙashi suna ba wa masu raunin hannu irin wannan abu su riƙa matsawa.

Ƙwaƙwalwa ma tana samun rabonta. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kusa kai girman ta babban mutum, kuma abin da yake taɓawa da abin da ake gaya masa su ne abincinta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Duk wadda ke da takardar naira 20 ta juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya, Ladi Kwali ke nan, Bagwariya daga garin Kwali. Tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun danginta mata. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Abuja ta wancan lokaci, wato Suleja ta yau, har aka kai tukwanenta Landan ana nunawa. Da laka a hannun yarinya abin ya fara.

Irin na kanti kuwa, wanda ake kira Play-Doh, asalinsa ma ba kayan wasa ba ne. Wani kamfani ne mai suna Kutol a birnin Sinsinati na Amurka yake yin sa don goge baƙin hayaƙin kwal daga takardar adon da suke liƙawa a bangon ɗaki. Da mutane suka daina ɗumama gida da kwal, kasuwa ta mutu. Sai wata malamar makarantar rainon yara, Kay Zufall, ta ba ɗalibanta shi suka yi wasa, ta ga ya karɓe su. A 1956 aka fara sayar da shi a matsayin kayan wasa. Kuma mafi yawan abin da ke cikinsa ruwa ne da gishiri da fulawa. Kun ga ke nan, abin da ake sakawa a roba mai kyau a tsawwala masa kuɗi, yana nan a madafarmu.

"Wasa da abinci?"

Na san abin da ke ran wasunmu, gara in riga ku faɗa. Goggo tana cewa a zuci, "Fulawar da muke aunawa da gwangwani saboda tsada, ita za a ba yaro ya yi wasa?" Kuma in ke ba ki faɗa ba, uwar miji za ta faɗa, ko maigida. Maganarsu tana kan hanya, domin an hore mu da girmama abinci, almubazzaranci kuwa ba halin kirki ba ne.

Ga amsar da za ki ba su cikin ladabi. Gwangwanin madara 2 na fulawa ake bukata, kuma kwaɓi ɗaya yana isar yara huɗu. Idan an adana shi da kyau yana yin makonni ana wasa da shi kullum. Kowace ta lissafa kuɗin gwangwani 2 na fulawa da 1 na gishiri a kasuwarmu yau, ta kwatanta da abin da take kashewa a alewa da biskit da cajin waya na mako guda don yaro ya yi shiru. Sannan ba sai sabuwar fulawa ba. Wadda ta kwana biyu har ta fara ƙwari, wadda ba za ki yi cincin da ita ba, a tankaɗe ta, ta wadatar. Masu sana'ar fanke da cincin, ragowar da ke zuba a tire ku riƙa tarawa.

Wadda kuma gidanta babu halin fulawa a wannan wata, kada ta taɓa abincin yara don wasan yara. Ciki ne gaba. Ta nemo yumɓu mai kyau irin na masu ginin tukwane, zan yi maganarsa nan gaba.

Kayan haɗi

Da gwangwanin madara za mu auna, tunda kowa tana da shi:

Fulawa, gwangwani 2.
Gishiri, gwangwani 1.
Ruwa, gwangwani 2.
Man gyaɗa, babban cokali 2.
Ruwan lemun tsami, babban cokali 3. In babu, ruwan tsamiya mai kauri da aka tace.
Kala, in ana so.

Kowanne da aikinsa. Fulawar alkama tana da danƙo, shi ya sa kwaɓin ke miƙewa bai tsinke ba. Garin masara da na dawa da na gero ba su da wannan danƙon, suna marmashewa. Gishiri shi ke hana shi lalacewa da wuri, kamar yadda yake tsare kifi da nama. Mai yana sa laushi, yana hana shi kama hannu. Tsami kuma yana ƙara masa santsi da daɗewa. Turawa wani farin gari mai tsami suke sakawa, wanda sai a manyan kantuna ake samu. To irin tsamin da ke cikin garin nan, shi ne a cikin tsamiyarmu. Sai dai tsamiya tana ɗan dusar da kala, don haka mai son kala ta fito tas ta yi da lemun tsami.

Idan gishirinki mai tsakuwa ne, ki daka shi ya yi laushi tukuna, in ba haka ba zai riƙa kartar hannun yaro.

Yadda ake yi

Duk wadda ta iya tuwo ta iya wannan. Bambancin kawai, a nan ba a jiran ruwa ya tafasa.

Na ɗaya, ki zuba fulawa da gishiri a tukunya, tana ƙasa ba a kan wuta ba, ki gauraya.

Na biyu, ki haɗa ruwa da mai da lemun tsami a kwano. In kala ɗaya za ki yi, ki sa ta a ruwan nan. Ki riƙa zubawa a kan garin kina damawa har gudaji su mutu, ya zama kamar ƙullun fanke mai ruwa-ruwa.

Na uku, ki ɗora a wuta kaɗan. Kaɗan fa na ce. In murhu ne ki janye itace, garwashi ya isa. Ki sa muciya ki yi ta tuƙi, kada ki tsaya, don yana saurin kamu. Da farko za ki ga kamar ba abin da ke faruwa, sai ya fara gudaji, sai ki ce ya ɓaci. Bai ɓaci ba, ci gaba. Cikin minti 3 zuwa 5 zai saki jikin tukunya ya dunƙule wuri ɗaya a jikin muciya. Da kin ga ƙyallin ruwa ya ɓace, sauke.

Na huɗu, ki juye a tire, ki bar shi ya sha iska har ki iya taɓawa. Yara su tsaya nesa a nan, don cikinsa yana riƙe zafi kamar tuwo. Sai ki murza shi kamar kwaɓin cincin, na minti 5, har ya yi sumul. Ki danna yatsa: in ya shiga ya fito bai ɗebo komai ba, ya yi.

In yana manne hannu, wuta ce ba ta ishe shi ba. Ki mayar minti ɗaya, ko ki barbaɗa fulawa ki murza. In yana tsagewa, ki jiƙa hannunki ki murza, ki ɗiga mai kaɗan. Tukunyar kuma ki jiƙa ta nan take, wankinta zai zo da sauƙi.

Maganar kala

In kala da yawa kike so, ki tuƙa shi fari, ki raba huɗu, ki yi rami a tsakiyar kowane dunƙule, ki ɗiga kalar ki murza. Kalar abinci irin ta masu kek ita ce mafi sauƙi, ɗigo kaɗan ya isa, kwalba ɗaya za ta zagaya mu duka in mun haɗa kuɗi mun saya. In ba ita, madafa ba ta rasa dabara. Zoɓo da aka dafa ya yi kauri yana ba da ja mai duhu. Kurkum, wanda wasu ke kira gangamau, yana ba da ruwan ɗorawa, amma yana kama tufafi, a sa wa yaro tsohuwar riga. Garin zogale yana ba da kore. Manja a maimakon man gyaɗa yana ba da ruwan goro. Gawayin itace da aka daka aka tankaɗe yana ba da baƙi-baƙi.

Waɗanda ba a sakawa ko kusa: bula ta wanki, rinin tufafi, fenti, tawada, da kwalli. Kwalli da yawa yana ɗauke da dalma, ita kuwa dalma guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro. Ƙa'idar ita ce, abin da ba za ki yarda ya shiga tukunyar miya ba, kada ya shiga kwaɓin nan. Haka kuma kada a sa sukari ko turaren kek don ya yi ƙamshi. Ba ma son ya burge baki.

Gishirin nan fa, a yi hattara

Yanzu ku saurara da kyau, wannan ita ce gaɓar da ba na so kowa ta manta. Gishirin da ke tsare kwaɓin, shi ne kuma haɗarinsa. In an auna da nauyi, fiye da rubu'in kwaɓin nan gishiri ne tsantsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, yaro kuma ƙasa da haka. To dunƙulen kwaɓi mai girman goro ɗaya yana ɗauke da abin da ya kai wannan ko ya fi. Ku auna da jikin ɗan shekara 2. Gishiri in ya yi yawa a jini yana janye ruwan jiki har na ƙwaƙwalwa, kuma yana iya kisa.

Yawancin yara da sun lasa za su tofar saboda zartsi. Amma akwai yaron da komai baki, wanda ko ƙasa ya samu ci yake. Saboda haka:

Ba a ba yaron da bai kai shekara 2 ba. Wanda ya kai ma, in har yanzu mai kai komai baki ne, a ƙara masa lokaci.

Ba a barin yara su kaɗai da shi. Babba ta zauna kusa, idonta a kansu. Yarinya 'yar shekara 6 ba mai tsaro ba ce.

A gaya musu tun farko, "Wannan ba tuwo ba ne, na hannu ne, ba na baki ba." In sun yi wainar wasa, a yi cin wasa, hannu ya tsaya nesa da baki.

In yaro ya lasa ko ya haɗiyi ɗan mitsitsi, a goge masa baki, a ba shi ruwa ya sha, a sa masa ido. In ya ci da yawa, ko ba a san iya abin da ya ci ba, ko aka ga amai, ƙishirwa mai tsanani, kasala da yawan barci, ko jijjiga, a tafi asibiti nan take, a riƙe ragowar kwaɓin a nuna wa ma'aikatan lafiya, a ce musu gishiri ne a ciki. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro, kada a yi masa ɗure, kada kuma a ce bari maigida ya dawo daga kasuwa.

Yaron da cin burodi ko taliya ke sa wa ƙuraje ko kumburi, a raba shi da wannan kwaɓin. Mai ciwo ko tsaga a hannu ya bari ya warke, don gishiri zai yi masa zafi. A wanke hannu da sabulu kafin wasa da bayansa. Kuma kada a haɗa wa 'yan ƙasa da shekara 3 da wake ko tsakuwa ko dutsen ado, kun san inda suke ƙarewa: hanci da kunne.

Dabbobi ma haka. Idan kwaɓi ya tsufa kada a ce bari a jefa wa kaji ko akuya don kada a yi asara. Gishiri mai yawa yana kashe kaji, yana kashe kare. A jefa shi masai ko a binne shi da zurfi.

In yumɓu za a yi da shi

Da babu gara ba daɗi, kuma yumɓu ba abin rainawa ba ne. Amma a san inda za a ɗebo. Ban da bakin kwata, ban da kusa da masai ko bola ko turken dabbobi, saboda tsutsar ciki. Ban da duk inda ake haƙar ma'adinai ko niƙa dutsen zinariya. Ba mu manta abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dutsen zinariya mai dalma ta gauraya da ƙasar tsakar gida, yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Mafi aminci, ki sayi ɗan curi a wurin masu ginin tukwane, ki rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Yadda za a yi wasan

Ki shimfiɗa buhu ko tire a inuwa, kowane yaro da dunƙulensa, kamar girman lemon zaƙi, don kada a yi faɗa. Kayan aiki suna gida: murfin kwalba na yanka waina, robar lemo ta murzawa, tsohon mataji na yin zane, ganye na dannawa a ga hotonsa.

Ɗan shekara 2 zuwa 3, ki bar shi ya matsa, ya mara, ya tsinka. Ke dai ki riƙa ba shi suna: "Wannan babba, wannan ƙarami. Wannan dogo. Ja ne wannan." Ɗan 3 zuwa 4 zai iya murza igiya da ƙwallo. Ki ce, "Yi mini ƙosai uku." In ya yi, ku ƙirga tare, ki saye ɗaya, ki tambaye shi saura nawa. Lissafi ke nan ya fara bai sani ba. Ɗan 5 zuwa 6, a murza igiya a lanƙwasa ta zama harafi: alif sanda ce kawai, ba kuma kwale-kwale ne da ɗigo a ƙasa. A yi a, b, c, a yi ɓ da ɗ da ƙ masu lanƙwasa, a yi 1 zuwa 10, a yi harafin farko na sunansa. Yaron da ba ya gani ma zai shafa ya san siffarsu.

Ko da ke ba ki yi boko ba, kina da abin koyarwa. Kin san turmi da taɓarya, kin san rumbu, kin san tukunya da murfinta. In a gidanku ba a son ƙera siffar abu mai rai, ga mota, ga gida, ga kwano, ga mangwaro, ba su ƙarewa. Mace da namiji duk a ba su.

Abu ɗaya nake roƙo. In yaro ya kawo miki wani curi marar kai da gindi, kada ki ce, "Mene ne wannan shirmen?" kuma kada ki karɓe ki gyara masa. Ki ce, "Iye! Me ka gina mana?" Ki bar shi ya yi bayani. Wannan bayanin da yake yi, shi ne rabin amfanin wasan. Minti 15 kina tsinke zogale yana gefenki kuna hira, ya wadatar.

Adanawa

Da an gama, a tattara, a dunƙule, a ɗaure a leda, a sa a roba mai murfi, a ajiye a inuwa, a sama inda yaro ba zai kai ba. Kada a sa shi a kwanon abinci, kada wani ya ɗauka alewa ce. Da hunturu yana saurin bushewa, har ki ga farin gishiri ya fito a bayansa: jiƙa hannu ki murza, zai dawo. Da damina gishirin yana jawo laima ya yi danƙo: barbaɗa fulawa. Ran da ya canza wari ko ya yi funfuna, kwanansa ya ƙare.

Abin da za mu yi

Gani ya kori ji. Zama mai zuwa, bayan an rufe akwati, za mu tuƙa tukunya ɗaya a nan gaban kowa. Muna neman mutum biyu su kawo fulawa gwangwani ɗai-ɗai, ɗaya ta kawo gishiri dakakke, ɗaya mai da lemun tsami, ɗaya zoɓo da kurkum, mai masaukinmu kuma ta ara mana tukunya da muciya. Daga nan, duk ranar zama a shimfiɗa wa yara buhu a gefe, mu riƙa karɓa-karɓa wajen zama da su, mace ɗaya kowane mako. Su samu abin yi, mu ma a ji ƙirgen kuɗi ba kuka.

Kafin mu tashi, a maimaita mini: fulawa nawa? Gishiri nawa? Ruwa nawa? Yauwa, 2, 1, 2. Wa ba a ba wa? Wanda bai kai shekara 2 ba. In yaro ya ci da yawa fa? Asibiti, ba jira. Madalla.

Mai tambaya ta ɗaga hannu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba su ilimi mai amfani, ya mayar da kowa gidanta lafiya.